Akuya da Shaida, Kwikwiyo a Kwali

Duk wanda ya taɓa shiga kara a kasuwar Talata Mafara ya san yadda ake sayen akuya. Mai saye zai buɗe bakinta ya ƙirga haƙora, ya shafa gadon bayanta, ya duba hantsa, ya tambayi haihuwarta nawa da dalilin da ya sa za a rabu da ita. Dillali yana tsaye a tsakani, ya san mai akuya, ya san garinsu, kuma ya san idan ta fito ta sata ko mai ciwo, wuyansa za a fara kamawa. Sai an gama wannan duka a sallama, a biya la'ada, a ja igiya. Wannan ɗawainiya kuwa ana yin ta ne a kan dabbar da iyakar ɓarnarta ita ce ta shiga gonar maƙwabci ta ci masa dawa.

A gefen wannan kasuwa, a bakin titi, ana miƙa wata dabba daga hannu zuwa hannu ba tambaya, ba dillali, ba shaida. Ɗan kwikwiyo ne a cikin kwali, wanda zai kwana a gida ɗaya da 'ya'yanmu, ya lashi hannunsu, kuma idan yana ɗauke da ciwon hauka, cizonsa ɗaya ya isa ya kai mutum kushewa. Abin da nake son kafawa a wannan rubutu shi ne, yadda muke bayarwa da karɓar 'yan kwikwiyo a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun cin amana ne da muka saba da shi har muka daina ganinsa, kuma laifin yana wuyan mai bayarwa da mai karɓa baki ɗaya.

Ba a littafi na fara sanin haka ba. Kawuna manomin rani ne a filayen da madatsar ruwan Bakolori ke shayarwa, madatsar da aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, wadda ta mayar da ƙananan hukumomin nan uku gidan shinkafa da albasa da dankali. Shekara biyu da suka wuce ɓarayi suka matsa masa, suka ɗauke injin ban-ruwa, suka dawo suka kwashe albasar da ya tara. Wata Talata, yana dawowa daga kasuwa, ya ga wani saurayi a kan babur da kwalin sabulu ɗaure a baya, 'yan kwikwiyo shida a ciki suna ta kuka. Saurayin ya ɗago ɗaya ya ce, "Baba, wanga jinin karen 'yan sanda ne, daga Jos anka kawo ubanai. An yi mai allura, ba ka da matsala." Kawu ya biya, ya sa kwikwiyon a buhu, saurayin ya tayar da babur. Ba su tambayi sunan juna ba.

Kwikwiyon bai kai ya bar nono ba, ko tuwo bai iya ci. 'Yar autar kawu, mai shekara bakwai, ita ta riƙa jiƙa masa fura da nono a marfin kwano har ya yi ƙwari. Bayan kamar wata biyu sai halinsa ya sauya. Ya daina cin abinci, yana cizon igiya da itace, yawu na dalala, muryarsa ta dishe. Yarinyar ta je ba shi ruwa, ya kama ta a ɗan yatsa. Cizon bai fi tsagar ƙaya ba, har babu wanda ya kula. Kwana uku bayan haka kwikwiyon ya mutu, yara suka ja shi suka jefa a juji. Ina gida a lokacin, na gama jami'a ina jiran tafiya bautar ƙasa, kuma Allah ya sa na taɓa karanta alamomin ciwon. Na ce da kawu a kai yarinyar asibiti a ranar. Muka yi ta neman allurar har Gusau, aka sayar da ragon da ake kiwo don layya, aka riƙa komawa a ranakun da likita ya yanka har aka kammala. Yarinyar tana nan da ranta, tana aji huɗu a firamare.

Abin da ya hana ni barci bayan haka shi ne sauran biyar ɗin da ke cikin kwalin. Idan daga uwarsu ciwon ya fito, ko wani mahaukacin kare ne ya shiga inda suke kwance, to akwai gidaje biyar tsakanin Mafara da Bakura da Maradun da ya kamata a buga musu ƙofa a wannan mako. Na yi Talata uku ina zagaya bakin kasuwa ina neman saurayin. Wanda bai bar suna ba, ta ina za a fara cigiyarsa?

Ya kamata mai karatu ya san girman abin da muke wasa da shi. Ƙwayar cutar haukan kare tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta shiga ta cizo ko yaƙushi, sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, tafiyar da kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A tsawon wannan lokaci dabba ko mutum yana nan garau, shi ya sa duban ido ba ya gane kwikwiyon da ke ɗauke da ita. Da zarar alamomi sun bayyana ga mutum, irin su firgita da kasa haɗiyar ruwa, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin takaici shi ne maganin rigakafin ba sabo ba ne. Tun a 1885 Luwi Fasto ya yi wa wani yaro allurar a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. A nan gida, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa allurar karnuka. Kimanin shekara ɗari da arba'in ke nan da samun mafita, mu kuwa har yau muna cinikin biri a sama.

Laifin saurayin a fili yake. Ya raba 'ya'ya da uwarsu kafin lokaci, alhali kwikwiyo yana bukatar aƙalla mako takwas a jikin uwarsa. A nononta na farko yake samun kariya daga cututtuka, kuma a wasa da 'yan'uwansa yake koyon sassauta haƙori, domin idan ya ciji ɗan'uwa da ƙarfi aka yi ƙara aka guje shi, ya ɗauki darasi. Wanda aka cire da wuri yakan tashi da tsoro, kare matsoraci kuwa shi ne mai saurin cizo. Sannan ya yi ƙarya a kan allura, ƙaryar da ɗan ilimi kaɗan zai tona, tun da likitocin dabbobi sun saba yi wa kwikwiyo allurar hauka ta farko ne idan ya kai wata uku. Ya kuma yi ƙarya a kan asali, domin ya san mun fi son jin an ce abu daga nesa ya zo. Irinsa suna da yawa yanzu, wasu ma ba sa zuwa kasuwa, a Facebook da WhatsApp suke baje hotunan karnukan Turawa masu gashi kamar tunkiya, suna sayar wa mutumin da zai ɗaure su a rana cikin bazarar da zafinta ke wuce digiri 40.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kawu, wanda ba zai sayi ɗan akuya ba sai ya juya shi sau uku, bai nemi ganin uwar kwikwiyon ba, bai tambayi garin da aka haife shi ba, bai nemi katin allura ba. Da ya kawo shi gida, bai kai shi wurin malamin dabbobi ba. Ya ɗaure shi a bayan ɗaki, ya bar wa yarinya ƙarama ɗawainiyarsa. Ni ma da nake wannan dogon bayani na wuce kwikwiyon nan sau da yawa ban tambayi komai ba. A unguwanninmu, da yawa daga masu karɓar kwikwiyo ba su shirya riƙe shi shekara goma ba. Yana ƙarami yara na wasa da shi, ya girma ya fara cin kwano guda, a kwance igiya a ce ya je ya nema. Daga nan ya koma juji da mahauta, ya haɗu da garken da babu mai su, ya haifi wasu. Wani kuma a sayar wa fataken da ke tara karnuka suna kaiwa kasuwar Dawaki a Jihar Filato. Karnukan da ke bin yara 'yan makaranta da asuba ba daga daji suka fito ba. Kowannensu, ko shi ko uwarsa, an taɓa miƙa shi ga wani mutum da ya karɓa da hannu biyu.

Me ya sa mutanen da suka ƙware a ciniki suke zama makafi idan aka zo kan kare? Amsar ita ce kunya. Mun mayar da sunan kare zagi, don haka dattijo ba ya son a gan shi yana juya kwikwiyo a bainar jama'a kamar yadda yake juya rago. Yana so ya karɓa da sauri ya sa a buhu. Mai kiwon kirki ma ba ya son a san shi da sana'ar. Da manya suka janye, sai harkar ta faɗa hannun yara da 'yan ci-rani, waɗanda ba su da sunan da za su kare. Muna bukatar kare a lambu da garke da farauta, muna kuma ƙyamar a gan mu da shi, kuma a tsakanin bukatar da ƙyamar ne macuci ya sami wurin zama.

Na san za a ce addini ne ya sa. Ni ba malami ba ne, fatawa ta malamai ce, amma abin da muka karanta a zaure ba ya goyon bayan wannan sakaci. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. Hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da tsaron shuka, waɗanda su ne ainihin bukatun manomin Bakolori da makiyayin Maradun. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Game da sayarwa, Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta kawo hani, ta kuma ambaci saɓanin malamai a kan wanda aka yi izinin riƙewa, har ta ɗora wa wanda ya kashe irin wannan kare biyan ƙimarsa. Sahnun, mai Mudawwana, yana cikin waɗanda suka halatta. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare a lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka yi masa magana ya nuna cewa zamani ne ya sauya. Mutumin Zamfara na yau ba ya bukatar a yi masa bayanin irin wannan zamani.

To ko da mutum ya riƙi ra'ayin hani ya ce shi kyauta zai bayar, a ba shi goro, amanar ba ta faɗi ba. Ɓoye aibi algus ne, a sayarwa ko a kyauta, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya barranta daga mai algus a kan hatsin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa. Ina ga ɓoye abin da zai iya kashe yaro? Haka nan wanda ya karɓa ya ɗaure ba ci ba sha, ya tuna matar da ta shiga wuta a kan kyanwar da ta tsare, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Jiharmu ce ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, a ƙarƙashin gwamna ɗan Bakura, Ahmad Sani Yarima. Bai dace a ce a nan ne aka ware wata halitta aka ce ita gaskiya da tausayi ba su shafe ta ba.

Ba ma sai mun aro tsari daga waje ba. Ina yaro kakana yakan aike ni wurin wani tsohon maharbi abokinsa a wani ƙauye ta wajen Maradun. Na taɓa ganin wani mutum ya zo neman kwikwiyo. Tsohon ya zaunar da shi ya ce, "Mi za ka yi da shi? Wa ka ba shi abinci in ka yi tafiya?" Ya tambaye shi ko gidansa da katanga, ko akwai ƙananan yara. Daga ƙarshe ya ce ya dawo bayan an yaye su, kuma duk ranar da ya gaji da karen, ya maido masa, kada ya sake shi. Wani kuma na ga ya hana shi ƙiri-ƙiri, don ya san yadda wanda ya ba shi a baya ya ƙare. Tsohon nan bai san sunan ƙwayar cuta ko ɗaya ba, amma ya san gidan da kowane ɗan karyarsa yake. Da kwalin nan daga hannunsa ya fito, da yini ɗaya ya isa a gargaɗi gidajen nan biyar.

Abin da nake kira gare shi shi ne a dawo da wannan hali, a ƙara masa ilimin zamani. Mai kiwo ya bari mai karɓa ya zo gida ya ga uwar da idonsa, domin lafiyarta da halinta su ne madubin 'ya'yanta. Ya nuna katin allurar uwar mai hatimin likitan dabbobi. Kada ya raba kwikwiyo da nono kafin mako takwas, ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya faɗi gaskiyar asalinsa. Idan uwar mai cizo ce ko wani baƙon kare ya taɓa cizon ta, ya faɗa. Ya yi tambaya, ya kuma ji a ransa cewa yana da ikon hanawa. Mai karɓa kuma ya faɗi aikin da yake son karen ya yi, ya tanadi inuwa da ruwa da abinci, ya sa babban mutum ya kula da shi, ya kai shi allurar hauka a wata uku, ya riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Ya yi alkawarin in ya kasa zai mayar. Kowane gida mai kare kuma ya san cewa idan an yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a tsare karen kwana goma ana lura da shi. In ya mutu, a kira malamin dabbobi, kada a jefar kamar yadda muka yi.

Sai shaida. A yi miƙawar a gaban mai unguwa ko sarkin baka, a rubuta a littafi sunan mai bayarwa da mai karɓa da unguwarsu da lambar waya da ranar haihuwar kwikwiyo. Littafin makaranta mai shafi arba'in ya isa unguwa guda shekaru.

Wani zai ce, a jihar da ake sace mutane a hanya, ake ƙona rumbuna, wa ke da lokacin littafin karnuka? Rashin tsaron nan shi ne ya sa wanda bai taɓa tunanin kare ba yake nemansa yau, shi ne kuma yake korar mutane daga ƙauyuka su bar karnukansu a baya ba mai kula. Uwar da ɗanta ya mutu yana tsoron ruwa ba za ta sami sauƙi don an ce mata akwai matsalar da ta fi wannan girma ba. Allurar kare guda kuwa ba ta kama ƙafar kuɗin allurar mutum guda da aka ciza ba. Mu rago muka sayar.

Wani zai ce ana iya buga katin ƙarya. Ana iyawa, kamar yadda ake shigo da saniyar sata kara. Abin da ke rage wannan shi ne mutumin da aka san gidansa, wanda zai ji kunyar haɗa ido da kai a masallaci. Wani kuma zai ce mai kiwon da ke yawan tambaya zai rasa masu saye. Wanda zai gudu don an tambaye shi inda kare zai kwana, gudunsa alheri ne. A Ingila, tun daga Afrilun 2020 doka ta hana 'yan tsakani sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai mutum ya je wurin mai kiwon ko gidan da ake tsugunar da karnuka marasa gata. Ƙasar Meziko kuwa, da yi wa karnuka allura gida-gida shekara da shekaru, ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta kawar da mutuwar mutane daga haukan kare. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, ciwon yakan rasa hanyar yaɗuwa. Ba za a kai wannan adadi ba a garin da ba a san mai kowane kare ba.

Masu iya ɗaukar wannan aiki suna kusa da mu. Kwalejin Aikin Gona tana Bakura, ɗalibanta za su iya fita ranakun kasuwa tare da malaman dabbobi na ƙananan hukumomi su yi allura su ba da kati. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana Sakkwato. Masarautun Mafara da Bakura da Maradun suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da za su riƙe littafin, maharba suna da shugabanninsu. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, kuma huɗuba ɗaya a Juma'ar da ta fi kusa da ita za ta cire wa dattawa kunyar da shekaru suka dasa.

A bara kawu ya sake neman kare, don ɓarayin ba su tuba ba. Wannan karon ya hau mota ya je gidan wani makiyayi da ya sani a ƙasar Bakura, ya ga uwar, ya jira har aka yaye, ya tafi da ƙaninsa a matsayin shaida. Ranar da kwikwiyon ya cika wata uku shi da kansa ya ɗauke shi a kan babur zuwa wurin malamin dabbobi, mutane suna kallo, wasu na dariya. Katin yana cikin jakar da yake ajiye takardun gonarsa. Sauran biyar ɗin na cikin kwali kuwa, har yau ban san inda suka shiga ba, kuma duk lokacin da na ji an ce wani yaro ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya mai kama da taɓin aljanu, sai na tsinci kaina ina tambayar ko akwai kare a gidan.